Filin Tambaya da Amsa: Tafiyar Ƙasa da Hawan Keke a Zirga-zirgar Cikin Gari

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun karkata ga magana ɗaya, wato yadda mutum zai kai kansa masallaci da kasuwa da makaranta da wurin aiki ba tare da ya jingina da moto ko taksi ba. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 52, ina zaune a unguwar Yantala, nan Yamai. Watanni uku da suka wuce likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, sukarina ma yana bakin iyaka, ya rubuta mini magani, ya ce kuma lalle in riƙa motsa jiki. To ni daga biro sai gida, ba ni da lokacin zuwa filin wasa, kuma ina jin nauyin a gan ni da gajeren wando ina gudu kamar yaro. Wani abokina ya ce tafiyar da mutum ke yi zuwa masallaci ko shago ba ta shiga lissafi, sai wadda aka fita dominta da niyyar motsa jiki. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abokin naka ya yi kuskure, ko da yake kuskure ne da mutane da yawa suke kansa. Niyya tana da matsayinta wajen lada, amma zuciya da jijiyoyin jini ba su tambayar inda mutum ya nufa ko irin tufafin da ke jikinsa. Abin da suka sani kawai shi ne ƙafafu sun yi aiki ko ba su yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babban mutum da ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kuma tafiya mai ɗan sauri tana cikin abin da ake nufi da matsakaici. A da ana sharaɗin kowane motsi ya kai minti 10 kafin a ƙirga shi, amma a ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2020 an janye wannan sharaɗi, aka ce duk abin da mutum ya yi, komai gajartarsa, ana tara masa shi.

Mu yi lissafi da rayuwarka kamar yadda take. Idan tsakanin gidanka da masallaci akwai tafiyar minti 5, zuwa da dawowa minti 10 ke nan, kuma idan ka je Asuba da Magariba da Lisha da ƙafa ka samu minti 30 a yini, wato minti 210 a mako, ba ka canza riga ba, ba ka kuma cire komai daga lokacin aikinka ba. Ga shi ya inganta a hadisi cewa kowane taku zuwa masallaci ana ɗaga darajar mai shi, ana kuma kankare masa zunubi, har ma lokacin da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Madina an umurce su da su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu sawunsu. Sai dai tun da an hore mu da mu je salla cikin natsuwa, ka bar saurin ga dawowa. Ma'aunin saurin da ake so mai sauƙi ne: numfashinka ya ɗan ƙaru, jikinka ya ɗumama, kana iya hira da abokin tafiya amma ba ka iya jan dogon karatu ba tare da ka tsaya ka shaƙi iska ba. Tafiyar da ake jan ƙafa ana tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa ta fi zama, amma ba ita likitanka yake nufi ba.

Dalilin da ya sa wannan ɗan abu yake aiki shi ne, tsokokin cinya da na sha-raɓa suna cikin manyan tsokokin jiki, kuma idan suna aiki suna jan sukari daga cikin jini su ƙona shi, sannan bayan an gama tafiyar jiki yana ci gaba da karɓar sinadarin insulin da sauƙi har na tsawon sa'o'i. Shi ya sa tafiyar minti 10 ko 15 bayan tuwon dare take da amfani na musamman ga mai irin matsalarka, domin a lokacin ne sukari yake tashi. Ta ɓangaren hawan jini kuwa, tafiyar da aka lazimta tana sa jijiyoyi su saki, zuciya ta riƙa tura jini ba tare da wahala ba, kuma cikin 'yan makonni ma'auni yakan fara nuna sauƙi. Saukar ba ta da yawa idan aka dube ta a lamba, amma ita ce take rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya idan shekaru suka taru.

Ina yawan ganin bayin Allah da yamma suna zagaya filin wasa na Janar Seyni Kountché, kuma abin yabo ne. Abin da yake ba ni mamaki shi ne da yawansu a mota suke zuwa, su yi zagayensu, su koma mota, sannan idan an isa gida a aiki yaro da moto ya sayo burodi a bakin titi. Wanda ya saka tafiyarsa a cikin hidimominsa ya fi dorewa a kanta, domin ranar da gajiya ko baƙi suka hana zuwa filin wasa ba su hana zuwa masallaci. Kada kuma ka damu da taku 10,000 da wayoyi suke ƙirga wa mutane. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965, kuma amfanin tafiya yana farawa tun kafin a kai can.

Abu uku zan ja kunnenka a kansu. Kada ka daina shan magani don ka ga ma'auni ya sauka, likitanka ne zai rage ko ya canza. Idan kana tafiya ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, ko numfashi ya yanke maka fiye da ƙima, ka tsaya nan take ka nemi asibiti. Kuma tun da sukari ya fara leƙowa, ka sa takalmi rufaffe wanda bai matse ka ba, ka riƙa duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kowane dare, saboda ƙaya ko ƙusa a ƙafar mai ciwon sukari ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya: Ni yaron shago ne a Babbar Kasuwa, gidanmu yana Talaje. Kullum jika ɗaya, wato sefa dubu, nake kashewa a kuɗin mota, zuwa da dawowa. Na samu keke na hannu mai kyau a kan jika 45, ina so in saya, amma abokaina suna yi mini dariya, suna cewa wanda yake neman aure ba ya hawa keke, iyayen yarinya za su ce na kasa sayen moto. Me kuke gani?

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ta taɓo ainihin ciwon, domin a ganina abin da ya fi hana mutanen Yamai hawa keke shi ne tsoron bakin mutane, zafin rana da rairayi suna bayansa. Bari mu fara da kuɗi, tun da su ba su jin kunyar kowa. Jika ɗaya a rana, idan kana fita kwana 26 a wata, jika 26 ke nan, a shekara kuma jika 312. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga farkon 2024 jika 42 ne a wata, ka ga ke nan abin da kake ba masu mota ya haura rabin albashin wani magidanci. Keken da ka gani zai mayar maka da kuɗinsa kafin wata biyu su cika, abin da zai biyo baya kuwa sai kuɗin faci da man sarƙa da canjin taya jefi-jefi. Moton da abokanka suke zuga ka a kansa yana shan mai kullum, kuma ko da yake gwamnati ta sauko da kuɗin lita zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, akwai baƙin mai da gyara da takardu, sannan wanda ya ga dogayen layukan gidajen mai a watan Maris na 2025, duk da cewa muna da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011, ya san akwai ranar da mai kuɗi a aljihu yake tura motonsa, mai keke ya wuce shi yana kaɗa ƙararrawa.

Ta fuskar lokaci ma ba ka yi asara ba. Mai tafiya a ƙasa yana cin kimanin kilomita 5 a awa, mai keke kuma kimanin 15 ba tare da ya wahalar da kansa ba, wato kilomita 5 cikin minti 20. Idan ka haɗa tsayuwar jiran taksi ko faba-faba, da cinikin inda direba ya nufa, da zagayen sauke waɗanda suka riga ka shiga, da cunkoson kewayen kasuwa, za ka tarar sau da yawa mai keke ya riga ka buɗe shago. Kuma shi ya san lokacin da zai isa, abin da mai jiran mota bai taɓa sani ba.

Saura maganar mutunci. Ka tambayi dattawan unguwarku yadda ake kallon mai keke Rali ko Fijo a zamaninsu: malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa mai rufin asiri su ne masu shi, ana goge shi ana yi masa ado, ana ma aronsa domin zuwa zance. Keken bai canza ba, idon mutane ne ya koma kan moto lokacin da moto ƙirar Sin masu araha suka cika kasuwa. Maƙwabtanmu na Wagadugu ba su yar da shi ba, maza da mata da ma'aikata da ɗalibai suna hawansa, an ware masa hanyarsa a gefen manyan tituna, kuma gasar tseren keke ta Tour du Faso da suka fara a 1987 tana cikin manyan gasannin Afirka. A Holand kekuna sun fi mutane yawa, kuma Mark Rutte, wanda ya shekara kusan 14 yana firaminista, a kan keke ya bar ofishinsa ranar da ya miƙa mulki a 2024. Ban kawo waɗannan misalai don in ce mu zama su ba, na kawo su ne don ka ga cewa raina keke ɗabi'a ce da aka koya, ana kuma iya barinta.

Ba zan ruɗe ka in ce babu wanda zai yi magana ba, za a yi. Amma uban da ya san ciwon 'yarsa abin da yake bincike shi ne ko saurayi yana salla, yana da sana'a, yana kuma iya riƙe abin da ya samu, kuma jika 300 da aka tara a shekara sun fi moton bashi yin magana a gaban waliyyi. Kafin ka biya, ka kai keken wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da ƙafafun ko sun karkace, ka nemi takardar ciniki da shaidu domin kada ka sayi na sata, ka kuma haɗa da kwaɗo da sarƙar ɗaurewa mai ƙarfi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni. Ina jin kuna ta yabon tafiyar ƙasa kamar a Turai muke zaune. Wa zai taka a ranar Afrilu a Yamai, ko cikin ƙurar hunturu? Ba cutar da mutane za ku yi ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi gaskiya a rabin maganarki, kuma rabin mai nauyi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da rana yakan haura digiri 40, wani lokaci ya doshi 45, kuma duk wanda ya ce wa tsoho ko mai ciki ko mai hawan jini ya fita tafiyar sauri da azahar a wannan yanayi ya cuce shi. Idan zafi ya yi yawa jiki yana tura jini zuwa fata domin ya huce, yana zubar da ruwa da gishiri ta hanyar zufa, zuciya kuma tana ninka aikinta. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da murɗawar tsoka alamu ne na cewa a nemi inuwa da ruwa, idan kuwa mutum ya fara ruɗewa ko ya suma, to sai a jiƙa jikinsa a yi masa fifita a garzaya da shi asibiti.

Sai dai yini ba azahar ce kaɗai ba, shekara kuma ba Afrilu ce kaɗai ba. Kakanninmu da suka yi fatauci da ƙafa tsakanin Adar da Kano da Gwanja ba su fi mu jure rana ba, sun fi mu sanin lokacinta ne: a yi sammako, a ya da zango da hantsi, a tashi da la'asar sakaliya. Wannan tsari bai tsufa ba. Tun daga bayan Asuba har zuwa wajen ƙarfe 9, da kuma bayan la'asar, ana iya tafiya ko hawa keke a mafi yawan kwanakin shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa safiyar Yamai sai ma an nemi rigar sanyi. Wanda zai fita da safe ya dawo da tsakar rana yana iya takawa a zuwa ya hau mota a dawowa, ya samu rabin amfanin da rabin kuɗin. A riƙe gorar ruwa, a sa tufafi masu haske marasa matsewa, a bi layin da ke da inuwar dogon-yaro ko da ya fi nisa kaɗan. Mai azumi kuma ya mayar da tafiyarsa bayan shan ruwa, zuwa asham ma ta isa.

Game da ƙura, ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙetaren kogi daga Gadar Kennedy, mai asma da mai ciwon zuciya da ƙananan yara su rage fita, sauran mutane kuma su rufe hanci da baki da takunkumi ko gefen mayafi ko amawali. Amma ki lura cewa wanda ke bayan moto ko cikin taksin da gilasansa suke sauke shi ma ƙurar yake shaƙa, har da hayaƙin motar da ke gabansa. Mai ƙafa da mai keke suna da zaɓin da direba ba shi da shi, wato su bar babban titi su bi ta cikin unguwa inda hayaƙi ya fi sauƙi. Wani abin kuma, injin da bai yi zafi ba ya fi shan mai da fitar da hayaƙi, saboda haka gajerun tafiye-tafiyen nan na kilomita ɗaya ko biyu, waɗanda ƙafa za ta iya ɗauka, su ne suka fi ɓata iskar unguwa idan aka auna da nisansu.

Tambaya: Daga Tawa nake rubuto muku. 'Yata tana da shekara 13, ta shiga kwaleji, makarantar da ɗan nisa. Kabu-kabu nake biya mata kullum, kuma hankalina ba ya kwanciya da yadda yaran nan suke gudu. Ta roƙe ni in saya mata keke kamar na wata ƙawarta, amma mahaifiyarta tana tsoron haɗari, kakarta kuma ta ce 'ya mace ba ta hawa keke. Ina neman shawara.

Amsa: Alhaji, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Tsoron mahaifiyarta yana da tushe, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu moto. Amma ka lura cewa masu moto suna cikin lissafin, saboda haka zaɓin da ke gabanka tsakanin haɗari biyu ne. A bayan kabu-kabu yarinya tana tafiya da gudun da wani ya zaɓa, ba hular kwano, ba ta da iko a kan birki. A kan keke gudunta bai kai rabin wancan ba, kuma ita ke da ikon tsayawa. Abin da zai raba gardama shi ne hanyar da za ta bi. Idan dole sai ta yi doguwar tafiya a kan babbar kwalta inda manyan motocin kaya masu zuwa Agadas ko Ƙonni suke wucewa, ban ba ka shawarar keke ba. Idan kuwa akwai hanyar cikin unguwa, ko da za ta tsallaka kwalta sau ɗaya, to keke ya fi.

Ka bi hanyar da kanka tare da ita ranar da babu makaranta, ka nuna mata inda za ta sauka ta tura keken ta tsallaka da ƙafa, domin a mahaɗar hanya da shataletale ne aka fi samun matsala. Ta riƙa bin hannun dama tare da motoci, kada ta yi musu gaba da gaba, ta miƙa hannu kafin ta juya, kada ta ɗauki ƙawa a baya, kada kuma ta toshe kunnuwanta da waya. Mai tafiya a ƙasa shi ne yake bin hannun hagu inda babu gefen titi, domin ya riƙa ganin abin da ke tahowa. Keken ya zama daidai tsawonta, birkinsa biyu suna kamawa, da ƙararrawa da fitila da abin ƙyalli a baya, ka kuma saya mata hular kwano ko da ita kaɗai ce mai sa ta a ajinsu. Rairayin da iska take tarawa a gefen kwalta yana kayar da mai keke, sai ta koyi rage gudu kafin ta shige shi. Idan za su tafi su uku ko huɗu tare da ƙawayenta ya fi, domin direba ya fi ganin ayari.

Ribar da za ta samu ba ta tsaya ga kuɗin kabu-kabu ba. Ana so yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, kuma 'yan mata su ne suka fi rasa wannan da zarar sun fara girma, lokacin da 'yan'uwansu maza suke filin ƙwallo ko na kokawa su kuma suna tsakar gida. Zuwa makaranta da dawowa a kan keke yana cike mata babban kaso na wannan, yana ƙarfafa mata zuciya da huhu, yana kuma taimaka wa barcinta da natsuwarta a aji.

Maganar Hajiya kaka kuwa a bi ta da ladabi, domin abin da take karewa shi ne suturar jikarta da mutuncinta. A nuna mata keken mata, wanda ba shi da ƙarfen tsakiya, ana hawansa ba tare da ɗaga ƙafa ba, yana kuma da murfin sarƙa. Yarinya ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta tattare hijabinta kada ya sauka kusa da ƙafar keke, wannan ma don tsaron ranta ne, saboda mayafin da ya shiga taya yana fizgo mai shi ƙasa, a keke ne ko a moto. Sannan a tambayi Hajiya cikin girmamawa wanne ya fi mata kwanciyar rai, jikarta ita kaɗai a kan kekenta, ko a bayan wani saurayi da ba a san shi ba sau biyu ko huɗu a yini.

A nan akwai haƙƙi a wuyan magadan gari, na Tawa da na Yamai duka. Gefen titin da aka yi domin masu ƙafa ya zama wurin kasa kaya da ajiye mota, magudanan ruwa a buɗe suke, wasu fitilun sun mutu ba a gyara ba. Kwashe rairayi daga gefen kwalta da sa tudun rage gudu a ƙofar makarantu ba su kai kuɗin sabon titi ba, kuma ƙungiyar iyayen yara tana da bakin da za ta nemi a yi su.

Tambaya: Na ji ana cewa yawan hawa keke yana rage wa namiji ƙarfi, har ya hana haihuwa. Gaskiya ne? Daga wani magidanci a Gamkale.

Amsa: Malam, hawan keke na zuwa aiki da kasuwa ba ya yin haka. Inda maganar ta samo tushe shi ne masu tsere da suke shafe sa'o'i masu yawa a kan siririn sirdi mai tauri, waɗanda wasunsu sukan ji gabansu ya yi sanyi ko ya dindince saboda dannewar jijiya. Idan ka ji irin wannan, sirdin ne bai dace da kai ba, sai ka canza mai faɗi, ka daidaita shi kada bakinsa ya kalli sama, ka kuma riƙa ɗagawa kaɗan a doguwar tafiya. Manyan abubuwan da suke raunana namiji su ne ciwon sukari da hawan jini da ƙiba da taba, kuma keke yana cikin abin da yake yaƙar uku na farko.

Tambaya: Ni tsohuwa ce, na haura 65, ina Bukoki. Gwiwoyina suna ciwo, 'ya'yana sun hana ni takawa ko zuwa barka da gaisuwar makoki a cikin unguwa, sai dai a kai ni a mota. Ni kuwa ina jin zaman yana ƙara mini nauyin jiki. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya saka wa 'ya'yanki da alheri a kan tausayinsu, amma a wannan karo jikinki ya fi su gaskiya. Guringuntsin da ke cikin gwiwa ba shi da jijiyar jini tasa, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne yake zagaya da wannan ruwa. Idan aka daina takawa gaɓa tana ƙagewa, tsokar cinya da take tallafe gwiwa tana shanyewa, nauyi yana ƙaruwa, sai ciwon da aka gudar miki ya dawo ya fi na da. Ƙarfin ƙafa kuma shi ne yake kare tsoho daga faɗuwa, shi ya sa ake shawartar wanda ya kai 65 ya haɗa da motsin da ke gyara tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, kamar tashi daga kujera da komawa sau da yawa a jere, ko tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango.

Akwai kuma abin da mota take raba ki da shi wanda ba a auna shi a asibiti. Wadda ta taka zuwa gidan suna tana gaisawa da maƙwabta, tana jin wanda ba shi da lafiya da wanda ya dawo daga tafiya, yaran unguwa suna durƙusa mata, kuma kaɗaici yana cikin abin da yake karya tsofaffi da wuri.

Ki fara da minti 10 da safe ko bayan la'asar, a hanya mai laushi wadda ba ta da ramuka, da takalmi mai riƙe dunduniya maimakon silifa, ki ƙara kaɗan-kaɗan duk mako. Ɗan ciwon da ya lafa bayan hutu ba abin tsoro ba ne. Idan gwiwa ta kumbura, ko ta yi zafi a taɓawa, ko ciwon ya kwana ya wuni bai sauka ba, ki huta ki ga likita. Sanda ba abin kunya ba ce, kuma ana riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, wato idan gwiwar dama ce mai ciwo sanda tana hannun hagu. Su kuma 'ya'yan, maimakon su aiko da mota, su haɗa ki da jika ɗaya ya riƙa raka ki yana riƙe miki gorar ruwa.